Hular Ranar Biki

Maigida Desimo ne da kansa yake zuba mini miyar wake, rabi a kwano rabi a cinyata, gidan kuwa ya ɗauka da dariya. Ya ɗaura tsumman mai dafuwa a ƙugu, ya naɗe hannun riga, yana zagaya mu da tukunya yana riƙe da ita nesa da jikinsa kamar za ta cije shi.

"Kai yaro, haka aka koya maka aiki?" in ji Malko mai tsaron ƙofa. Yana kishingiɗe a shimfiɗar manyan baƙi, ya ɗora ƙafarsa mai kaushi a kan matashin Uwargida. "Wa ya sayo mana wannan? An cuce mu. Gobe da sassafe a mayar da shi kasuwa."

"Tuba nake, ranka ya daɗe," in ji Desimo, ya rusuna har miyar ta sake zuba.

Bikin Saturnu ke nan, 'yan kwanakin da bawa ke zama ubangijinsa na tsaye, a faɗi magana a kwana lafiya. Duk garin Ostiya kowa da hular gashin tumaki a ka, irin wadda ake sa wa wanda aka 'yanta, tun daga masu jiragen ruwa har mai kwasar toka a gidan wanka. Ni Tekusa na ga bikin nan tun bakina cike da haƙora, kuma ban taɓa bari ya ruɗe ni ba, don na sha ganin wanda ya saki baki ranar biki ya ji a jikinsa bayan an watse. Amma na wannan shekarar da zuciya ɗaya na zauna masa, saboda an yi mini alkawari.

Da rana ta yi sanyi aka kunna kyandir, Desimo ya ajiye tukunya ya ƙwanƙwasa ƙoƙon giya da cokali. Abokansa uku suna nan, har da Rufino mai tsaya wa mutane a gaban alƙali, wanda ba ya zuwa gidan kowa sai ya tabbatar an yanka alade.

"Zosima, taso."

'Yata ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, don cikinta ya riga ya fito sosai. Ya kamo hannunta ya zaunar da ita a mazauninsa, ya cire hular kansa ya sa mata.

"Ku shaida," in ji shi. "Ni da wannan nono ɗaya muka sha, kuma ni na cinye rabonta, ku dubi tumbina ku dube ta. Daga yau Zosima ba ta da ubangiji. 'Yantacciya ce."

"Mun shaida, mun shaida," in ji Rufino yana dariya har da ƙwalla. "A ƙara zubawa."

Kowa ya san al'ada. In ubangiji ya zaunar da bawansa a teburinsa, ya furta a gaban abokai, magana ta ƙare. Kowa kuma ya san ɗa uwarsa yake bi. In ya faɗo uwar tana baiwa, dukiyar gida ne kamar ɗan akuya, in kuwa ya faɗo tana da 'yanci, ba mai iko da shi. Na dubi cikin Zosima, na dubi hular, na fashe da kuka a gaban kowa, ni da ko ranar da aka sayar da uban Zosima ban bari an ga hawayena ba.

*

Wata guda ne tsakanin haihuwar Zosima da ta Desimo. Matan manya ba sa shayarwa, wai yana zubar da ƙirji, saboda haka aka ɗauke ni daga ɗakin saƙa aka kai ni cikin gida, aka bar Zosima hannun wata tsohuwa da nonon akuya. Ta rayu ne kawai don taurin kai, kuma da shi ta girma. Ba zan ce ban so yaron ba. Duk wadda ta ce ta shayar da jariri har ya yi ƙafa ba ta so shi ba, ƙarya take yi. Ni ya fara kira Inna kafin ya san yana da wata uwa, kuma har ya yi gemu in zazzaɓi ya kama shi ni yake nema. Na yi tinƙaho da wannan a gidan, ban ɓoye ba. Sauran bayi suna ce mini uwar sarki, ni kuwa ina amsawa.

Zosima da Malko sun daɗe tare. Ba aure ba ne, don bawa ba ya aure, amma ɗaki ɗaya suke, kuma tsohon maigida ya kau da kai. Shekara da shekaru ba ciki. Na ɗauka daga alloli ne, har ranar da na kama ta tana shan wani jiƙo mai ɗaci a bayan murhu.

"Ba zan haifa wa kowa dukiya ba, Inna," in ji ta. "Akuyoyin gidan nan sun isa."

Da tsohon ya mutu gida ya dawo hannun Desimo, na same shi shi kaɗai na gaya masa. Ya riƙe hannuwana biyu a gaban gumakan gida, ya ce, "Inna, jikanki ba zai buɗe ido a bauta ba. Ki ce ta zubar da jiƙon nan." Na kai wa Zosima maganar da gudu kamar mai ɗauke da burodi daga tanda. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki tulun jiƙon ta juye shi a makwarara. Da cikin ya tsufa na tuna masa, sai ya ce in bari sai biki, a yi abin a gaban mutane yadda ya dace da 'yar'uwarsa. Ni kuma na ji kaina ya ƙara girma.

Washegarin da aka gama biki, Tirso wakilin gida ya zagaya da kwando yana karɓe huluna a ajiye sai baɗi. Ya miƙa hannu kan Zosima, Desimo yana wucewa ya ce, "Bar mata tata." Na waiwaya na dubi sauran mata ɗaya bayan ɗaya, don a san da bambanci.

Malko ne kaɗai bai yi murna ba. Na same shi a zaure yana shafa wa sakata mai.

"Kai kuma me ya same ka kake ta cika kana batsewa? Ko baƙin ciki kake matarka ta fi ka?"

"Inna, ba na son in ɓata miki rai," in ji shi, bai ɗago ba. "Amma jiya ni ma a teburin nake. Ni ma da hula. Har maigida na ce a mayar kasuwa. An mayar da shi?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ba ka ji ya ce a shaida ba?"

"Na ji. Na kuma ji mai dafuwa ya naɗa kansa sarkin Masar, aka shaida. Ni dai sandar alƙali nake so in ga ta taɓa kanta. Wannan ko a buge aka yi ta, ta yiwu."

Na zage shi tas. Na ce masa shi da aka sayo a kasuwa da farar ƙasa a ƙafa, alamar bawan sayarwa, me ya sani game da zumuncin gida? Na ce yaron nan ni na goya shi, na san cikinsa kamar tafin hannuna. Malko ya ci gaba da aikinsa. Amma maganarsa ta tsaya mini kamar ƙayar kifi, kafin azahar ina gaban Desimo.

"Haba Inna," in ji shi, ya tura mini farantin ɓaure. "Sandar nan ai ƙarashe ce kawai, abin ya riga ya yiwu. Amma tunda kina so, za a yi. Bari in gama da masu auna mini man zaitun."

Aka gama da masu auna mai. Na koma, ya ce an shiga kwanakin da alƙali ba ya zama. Suka wuce, ya ce alƙali ya tafi Rum. Ya dawo, sai haƙori ya hana Desimo fita. Yau da gobe, yau da gobe, sanyi yana ta ja da baya ciki yana ta sauka ƙasa. Kullum da fara'a yake sallamata, kullum da wani abu a hannuna. Ya sa aka cire Zosima daga ɗakin saƙa, ana kai mata ƙwai da romon kaza daga tukunyar Uwargida Petroniya, ya ɗauko ungozomar da ta karɓi haihuwar ɗansa, wanda a lokacin ya fara rarrafe. Ni duk na ɗauka ƙauna ce. Ban tuna cewa mai kiwo ma yana ƙara wa tunkiya dusa in ta kusa haihuwa ba.

*

Rana ba ta ƙarya. Naƙuda ta zo da hantsi, a kwanakin da teku ta kwanta jirage suka fara shigowa, kafin rana ta karkata yaro ya faɗo. Namiji ne, da gashi cike da kai, da kunnuwan Malko ba ko tantama. Zosima ta ɗora shi a ƙirji tana dariya tana kuka.

"Ka ga wannan?" take ce wa jaririn. "Kai ba wanda zai kira ka ka amsa da gudu. Sai ka ga dama."

Ungozoma ko hannu ba ta wanke ba ta nufi cikin gida kai labari. Na lura, amma murna ta hana ni tunani.

Da gari ya waye sai ga Tirso a bakin ɗaki, bayansa ƙarti biyu da kujerar ɗauka.

"Maigida ya ce a fito da ita. Yau za a ga alƙali."

"Yau? Ba ka ga ko jini bai tsaya mata ba?"

"Ni dai yau aka ce mini, Inna."

Muka bar jaririn wurin matar mai dafuwa. Aka ɗauki Zosima, ina biye a ƙasa, Desimo na gaba cikin farin mayafinsa na fita. Na zaci zauren shari'a za mu, sai na ga mun tsaya a bakin babban gidan wanka, kusa da wani mai gasa tsiren alade. Ba mu daɗe ba alƙali ya ɓullo, yaransa na ɗauke da tawul da kwalbar mai. Desimo ya tare shi suka gaisa. Aka sauko da Zosima, na tallafe ta. Wani daga cikin dogaran alƙali ya ɗora mata siririyar sanda a ka ya faɗi abin da ake faɗi, Desimo ya juya ta sau ɗaya ya saki hannunta. Alƙali ya ce ta 'yantu, yana faɗa yana tambayar Desimo ko man bana ya kai na bara kyau. Kafin mai tsire ya juya tsinkensa an gama, sun shige wanka.

Muka tsaya a titi, mutane na ratsa mu.

"Inna," in ji Zosima, "shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"A hanya ma ana yi?"

Ina kallon ƙofar da suka shiga, ina tuna cewa alƙalin nan kullum sai ya yi wanka, kullum ta wannan titin, duk tsawon sanyin da na yi ina safa da marwa.

"Jiya na haihu," in ji ta a hankali. Aka ɗauke ta muka koma gida.

*

Na bari ya dawo ya ci abinci. Na same shi a tsakar gida kusa da kwarmin ruwan sama, yana wasa da ɗansa, yana ɗaga shi sama yaron na ƙyalƙyala dariya.

"Inna ta kaina. Kin ga na cika alkawari. Yanzu sai ki bar ni in sha iska."

"Yaron fa?"

"Lafiya lau yake, an gaya mini. Na ma zaɓa masa suna."

"Ba sunansa na tambaya ba, Desimo. Na wane ne?"

Ya miƙa ɗansa ga mai reno, ya yi mata alama ta tafi. Ya zauna a bakin kwarmin.

"Ɗan gida ne, Inna. A gidan nan aka haife shi."

"Uwarsa tana da 'yanci tun biki. Kai ka faɗa, a teburinka, a gaban abokanka."

"Haba Inna, ke da kika girme ni." Har murmushi ya yi. "Ranar biki kowa da hularsa. Malko ma ai sayar da ni ya yi. Ki tambayi Rufino, shi ya san shari'a. Abin da aka faɗa a teburin Saturnu a teburin yake kwana, ba alƙalin da zai saurare shi."

"Ka ce a bar mata hular."

"To hula ce, na ga tana so."

"Ka riƙe hannuna a gaban gumakan ubanka. Ka ce ba zai buɗe ido a bauta ba."

"Wace bauta? Tsaya ki ji." Ya matso, ya sassauta murya, irin muryar da yake roƙona zuma da ita yana ƙarami. "Ɗana yana bukatar wanda za su tashi tare. Ba na son na kasuwa, ba ka san abin da ka sayo ba. Na duba duk gidan nan, jinin wa zan amince wa in ba naki ba? Abin da kika yi mini shi zai yi wa ɗana. Ɗaki ɗaya za su kwana, malami ɗaya zai koya musu karatu. In na sake shi me zai zama? Ɗan dako a tashar jirgi. Gata na yi masa. In ya girma ya nuna hankali, ɗana zai 'yanta shi da hannunsa, wannan na yi miki alkawari."

Na tsaya ina kallon bakinsa yana motsi. Na san bakin nan tun ba haƙori a cikinsa. Da a ce tsohon maigida ne ya yi mini haka, da na haɗiye, don shi bai taɓa ce mini komai ba sai zo da tafi. Amma wannan nawa ne, ko kuma haka na ɗauka. Abin da na ji ya wuce fushi. Ji na yi an ci amanata tun daga tushe, har shekarun da na yi ina jin daɗin kiran Inna sun zame mini abin kunya.

"Abu ɗaya zan tambaye ka," na ce. "Ranar biki, kai ka zaɓe ta ko Rufino?"

Ya sunkuyar da kai yana duba faratansa. Haka yake yi tun yana yaro in an kama shi.

"Kin gaji, Inna. Je ki huta."

*

Ban ce wa Zosima komai ba, fuskata ta gani. Ta sauko daga shimfiɗa, ta naɗe jaririn cikin mayafinta, ta fita ba takalmi. Na bi ta ina kiran sunanta. Ta ratsa tsakar gida da rana tsaka, kowa ya bar abin da yake yi yana kallo, ta shiga zaure. Malko na zaune a kan kujerarsa, sandarsa a cinya. Da ya gan ta ya miƙe, ya dubi abin da ke hannunta, ya je ya tsaya ya ba ƙofa baya.

"Buɗe," in ji ta.

"Zosima."

"Ni 'yantacciya ce, sanda ta taɓa kaina yau, abin da kake so ka gani. Bawa ba ya tare ni. Buɗe."

"Ke ki wuce. Yanzu zan buɗe miki." Ya dubi jaririn. "Shi ne ba zai wuce ba."

"Ɗanka ne, Malko."

"Na sani."

"Dubi kunnensa. Dube shi mana."

"Na gani tun jiya. Ki saurare ni, don girman alloli. Ina za ki da shi? Kafin ki kai tashar jirgi an kama ki, jini na bin ƙafarki. Ɓarauniya za a kira ki, kin saci kayan wanda ya 'yanta ki, a mayar da ke inda kika fito. Ni a yi mini lalas a goshi a tura ni ramin haƙar gishiri. Shi kuma a ba wata ta shayar, ya tashi bai san fuskar ko ɗayanmu ba. Haka kike so?"

"Kai ka ce mana sakiyar da ba ruwa za a yi mana. Ka sani tun farko. Yanzu kuma kai ne kare a bakin ƙofa."

"Ni ne."

Ta tofa masa yawu a fuska. Ta dake shi a ƙirji da hannun da ba ya riƙe da yaro, ta sake, ta sake, shi kuwa yana tsaye hannuwansa a baya, sandar ma ya yar da ita. Jaririn ya tsala kuka. Na waiwaya na ga Tirso na tahowa da ƙartin nan biyu, waɗanda ba su san yadda ake tallafe kan jariri ba. Sai na sa hannu na karɓe shi. Ba ta hana ni ba, ƙarfinta ya riga ya ƙare. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta dube ni, ta dubi Malko, kuma daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Desimo bai yi faɗa ba. Ransa ne ya ɓaci, wai bayan duk abin da ya yi mata. Ya ce tunda 'yanci take so ta je ta ci shi, ya ba ta ɗaki a saman rumbun mansa da ke bakin tasha, ta riƙa wanke tuluna tana biyansa hidimar da 'yantacce ke yi wa wanda ya sake shi. Cikin gida kuwa kada ƙafarta ta sake takawa. Uwargida ce ta tuna masa cewa yaro na bukatar nono, kuma ba wata mai jego a gidan. Sai aka yi sassauci. Ta riƙa zuwa bakin ƙofa safe da rana da yamma, ni in fito da shi. Tirso ya ja mana kunne mu uku a tsaye, ni da ita da Malko: jikin yaron kada ya tsallake dokin ƙofa, ko da yatsa ne, in ba haka ba a nemo akuya.

*

Yanzu kullum kafin rana ta fito Zosima tana nan, cikin masu zuwa gaida maigida, mabarata da 'yan neman alfarma da tsoffin bayin da aka saki. Su suna shiga bi da bi, ita tana jira a gefe, gaban rigarta a jiƙe. In sun ragu sai ta durƙusa a waje, ta tura ƙirjinta ciki, ni ina zaune daga ciki yaron na kan cinyata. Bayanta yana ciwo, na sani, amma ba ta taɓa faɗa ba. Masu wucewa sun daina tsayawa kallo.

Desimo ya raɗa masa suna Fido. Zosima tana da nata sunan da take raɗa masa a kunne, ban taɓa jin sa ba, ban kuma tambaya ba. Ni da ita muna magana, amma a kan yaron kawai, ko ya yi barci, ko cikinsa ya ɓaci. Wani lokaci Desimo yakan fito zai tafi kasuwa, mu matsa masa ya wuce. Yakan tsaya ya shafa kan yaron ya ce, "Inna, kin ga yadda yake ƙiba?" Ina amsawa da ranka ya daɗe. Ya lura na daina ce masa ɗana, har ya aiko mini da sabon bargo.

Yau da safe an yi yayyafi, dutsen ƙofar ya yi sanyi. Yaron ya sha ya ƙoshi, barci ya ɗauke shi da nonon a baki. Zosima ba ta janye ba, ta bar shi, tana kallon fuskarsa. Ya yi miƙa cikin barci, ƙafarsa ɗaya ta zame daga cinyata ta faɗa waje, a kan gwiwar uwarsa. Na gani, ita ma ta gani, ba wadda ta motsa. Ta ɗora tafin hannunta a kai ta rufe.

Malko na tsaye a gefenmu da sandarsa, fuskarsa na titi kamar kullum. Daga tsakar gida muka ji takun Tirso yana tahowa. Malko ya jingine sandar, ya durƙusa, ya jira har ta ɗauke hannunta. Sannan ya kama 'yar ƙafar da yatsu biyu, a hankali don kada ya tashe shi, ya mayar da ita ciki.